Abin da zaman raba kuɗin furoje ya koya mini a Damagaram

Duk wanda ya taɓa zama a komiten da ke raba kuɗin tallafi ya san yadda dosiye ke ruɗar mutum. Ni aikina kenan ƴan shekarun nan a wata ƙaramar ƙungiya a nan Damagaram, abokan hulɗa na waje su turo kuɗi, mu yi shela, masu son gyara tsohon gini ko kare itatuwa ko tattara tarihin baka su kawo takardunsu, mu zauna mu tace mu ce wane ya samu wane bai samu ba. Daga nesa sai ka ce aikin shan shayi ne da sa hannu. To amma abin da na gano shi ne ƙa'idojin da ake ba mu mu bi, ba tare da kowa ya yi nufin haka ba, wanda ya iya rubutu suke zaɓowa, wanda ya iya riƙon gini kuwa tun daga bakin ƙofa yake faɗuwa.

Kuma fa ba ƙaramin abu ne a hannunmu ba. Tsohuwar unguwar Birni ce, da fadar Sarkin Damagaram, da sauran ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita, da tsofaffin gidajen fatake na Zango. A garin nan aka kashe hafsan sojan Faransa Kazamaju a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, nan ne babban birnin ƙasa kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fada cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin wuraren tarihi na duniya, Agadas ta shige a 2013, mu har yanzu muna kan layi. Sai ga Satumban 2024 ruwan sama ya kwantar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, kowa ya ga bidiyon a waya, ranar kowa ya zama masanin tarihi a Facebook. Amma zaurukan da suka tsage a lunguna a wannan daminar ba wanda ya ɗauke su hoto, kuma su ne dosiyoyinsu ke zuwa teburinmu, in sun samu zuwa ma kenan.

Babbar matsala ta farko lokaci ne. Ginin ƙasa yana da kalandarsa wadda ba ta jiran kowa. Bayan kaka, cikin sanyi zuwa rani ake ɗebo ƙasa a kwaɓa da ramno a bar ta ta kwana biyu ta ruɓe, a yi tubali ya bushe, a yi yaɓe, a gyara indararo, duk a ida kafin hadari ya fara haɗowa wajen watan Yuni. Kalandar masu ba da kuɗi kuwa daban take, a yi shela a Janairu ko Fabrairu, a rufe karɓar dosiye, komite ya zauna, rapor ya tafi can, can su yi tambaya, mu amsa, a sa hannu, sai kuɗi su faɗo kont a Yuli ko Agusta. Wa zai yi maka yaɓe a Agusta? Tubali ba ya bushewa, magina ma duk suna gona, su ma manoma ne ai. Sannan a ce wai sai an kashe kuɗin kafin ƙarshen Disamba in ba haka ba a mayar. Ihu bayan hari kenan, kuma gidan da aka ce za a ceto ya riga ya sha wata daminar a buɗe.

Sai maganar faktir, wadda ita ce ta fi ba ni haushi wallahi. Ƙa'ida ta ce kowane dala da ya fita sai da takarda mai tampo da lambar haraji, wani lokacin ma sai an kawo debi uku daga ƴan kasuwa uku an gwada farashi. Akwai wani dattijo magini da muka je wajensa, irin waɗanda suka gaji sana'ar tun kakanni, na karanta masa sharuɗɗan ina fassarawa, ya saurara har na gama sannan ya ce, "Ɗana, mai amalanken da ke kawo mini ƙasa daga rami ina ya ga tampo? Matar da nake sayen makuba gurinta fa? Ɗan garuwa fa?" Na ce, "Baba, haka takardar ta ce." Ya yi dariya ya ce to takardar ta zo ta hau tsani ta yi yaɓen.

Ka ga inda abin yake, wanda ke da faktir mai tampo shi ne mai shagon siminti da fenti da kwano da ƙarfe. Saboda haka duk mai wayon rubuta dosiye sai ya karkatar da lissafinsa can, buhun siminti kaza, fenti kaza, domin shi ne zai wuce wajen mai duba lissafi ba gardama. Kuɗin da aka bayar don a kare ginin ƙasa sai su koma su ne ke kashe shi. Siminti a kan bangon ƙasa kamar mutum ya sa rigar leda ne a watan Afrilu, gumi ba ya fita. Damshi ya shiga ta tsaga ko ya taso daga ƙasa, ba shi da hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje fes.

Na ga wannan da idona a wani zaure cikin Birni da aka gyara da kuɗin wani furoje tun kafin namu. Daga titi abin gwanin sha'awa, an shafe shi da siminti an zana wani abu mai kama da zayyana an yi fenti kore da rawaya, har da allo mai sunan waɗanda suka biya. Dattijon nan ya sa bayan yatsa ya ƙwanƙwasa, sai ka ji fanko. Ya sa tsinin wuƙa a wata ƴar tsaga ya ɗan ɓanɓara, faifan siminti ya ɓallo, ƙasar da ke bayansa ta zubo laushi, ga hanyar gara a jiki. Ya ɗaga kai ya nuna mini indararo, an toshe bakinsa rabi da simintin, ruwan soro maimakon ya yi tsalle ya faɗi nesa sai ya riƙa bin bango yana gangarowa gindi. A rapor an rubuta an gyara, hotuna ma sun yi kyau ƙwarai.

Shi kuwa abin da yake nema kaɗan ne, abin da ma ba ya cika layi biyu a takarda. Makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a haɗa da ƙasa don yaɓe ya ƙi ruwa, azara ta giginya guda nawa don canza waɗanda suka gaji, ruwa (wanda duk ɗan Damagaram ya san ba kyauta ba ne, balle a rani), da ladan yara. Amma kowace shekara ko bayan shekara biyu. Nan ne fa ake rabuwa da masu kuɗi, su sun fi son abu babba sau ɗaya, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a rufe dosiye. Kalmar kulawa ta yau da kullum ma wasu sun rubuta ƙarara cewa ba sa biyanta. Alhali ginin ƙasa ba a gama shi, riƙonsa ake yi. Gidan da ake yi wa yaɓe a kan lokaci zai binne jikokin wanda ya gina shi, wanda aka bari damina uku kuwa sai dai a yi maganar miliyoyi.

Wani abin da takarda ba ta nunawa shi ne gidan na wa ne. Mafi yawan tsofaffin gidajen nan na gado ne, magada sun fi a ƙirga, wani yana Yamai, wani Kano, wani Libiya, wadda ke zaune ciki wata tsohuwa ce da jikoki. Mai kawo dosiye sau da yawa ɗaya ne daga cikinsu wanda ya yi lakwal, sauran ba su ma san an nema ba, ranar da kuɗi suka fito rigima ta tashi aiki ya tsaya. Wani kuma so yake gidan ya faɗi a raba fili a sayar. Kuma a gaskiya ba na ganin laifin wadda ta ce mini, "Malam, ku kuna son zanko da zayyana, ni so nake in kwana ban tara kwano a tsakar ɗaki ba." Ita ke kwana a ciki ba mu ba. In furoje bai fara da rufin da ke yoyo da magudanar ruwa ba, ado a fuskar gida ba zai sa ta so ginin ƙasa ba, gobe ɗanta ya samu kuɗi bulo zai kafa. Yanzu kafin mu karanta shafi na biyu sai mun ji daga mai unguwa, in abu ya shafi fada kuma akwai hanyar da ake bi, ba a tsallake ta.

Ɓangaren itatuwa ma labarin ɗaya ne da wata riga. Dosiyoyin da ke zuwa kusan duk dashe ne, za mu shuka dogon yaro dubu kaza ranar 3 ga Agusta, ga kuɗin leda, ga kuɗin riguna, ga kuɗin lasifika. Ana son su saboda ana iya ƙirgawa. Ka koma a watan Maris ka ga abin da awaki da ƙishirwa suka bari. Alhali ka fita Mirya ko Matamai ko Magarya ka kalli gonaki cike da gawo, ba wanda ya dasa su, manoma ne suka daina sare tsiron da ke fitowa da kansa lokacin sassabe, suka riƙa zaɓe suna gyara masa rassa, abin da ake kira sassaben zamani. Tun daga shekarun 1980 abin ya bazu, masu bincike sun ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin ƙasar, mafi yawa tsakanin Maraɗi da nan. Gawo kuwa manomi ya san darajarsa, da damina yake kaɗe ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi ƴaƴa. Abin da mutanen ƙauye ke buƙata shi ne ɗan abin da zai riƙe komiten tsaro na gari da ke hana saran dare, da zama tsakaninsu da makiyaya da ma'aikatan gandun daji a daidaita wa ke da ikon yanke me. Wannan ba ya hoto, kuma yana da wuyar sawa a tebur na lissafi, shi ya sa yake shan ƙasa a gaban mai riguna da lasifika.

Kar kuma a ce ina cewa a watsar da takardu, a'a. Na ga masu fakewa da tarihi su ci kuɗi, ƙungiyar da aka haifa makon da aka yi shela, ataliye a otal da pardiyam ya cinye rabin kuɗi, a fito da shawarwari a ajiye a durowa. Masu ba da kuɗin ma akwai wanda ke tambayarsu can, ba mugunta ce ta sa suke neman resi ba. Sai dai hanyar kama ɓarawo ba lallai ta zama tampo ba, ƙafa ta fi, ka hau kabu-kabu ka je ka ga bangon ka taɓa shi.

Mun yi ta ja da abokan hulɗarmu a kan wannan, wasu abubuwan sun yarda wasu sun ƙi. Sun yarda mutum ya zo ya yi bayani da Hausa da bakinsa mu ɗauki murya, mu mu rubuta masa faransancin. Sun yarda ba a ba da maki sai an kai ziyara, kuma a tafi da magini wanda ba shi da hannu a aikin. Sun yarda da ƙaramin littafi da mai amalanke ko mai makuba zai dangwala yatsa gaban shaidu biyu ya zama resi, in kuɗin bai wuce wani ƙaramin adadi ba. Ana biya kashi-kashi, a ga aiki a ƙara. Kuma mun sa sharaɗin kowane magini ya ɗauki matasa su koya a kan aikin ana ba su lada, don masu iya rufin soro irin na ɗaurin guga da bakan gizo sun tsufa, samari kuwa bulo da siminti suka sani tunda nan kuɗi yake. Wannan sharaɗin shi na fi tsayawa a kai, har wani abokin aikina yana ce mini sarkin magina don tsokana.

Abin da suka ƙi shi ne biyan yaɓe na shekara-shekara, sun ce kuɗinsu ba na wannan ba ne, meri, wato ma'aikatar magajin gari, ko masu gida su ɗauka. Maganar kalanda kuma sun ce za su duba ko za a iya yin shela a Yuli don kuɗi su iso a Nuwamba, ana nan ana dubawa. A zagayen bana dai akwai zaure biyu da suka ci, an sa hannu, magina sun ce in kuɗin ba su sauka kafin ƙarshen Afrilu ba to a nemo tamfol a rufe soron kawai sai bayan kaka, kuma azara ta ƙara tsada tunda giginya sai an yi nisa ake samunta, dole mu sake lissafin tun ba a fara ba.