Kafin ka sayi kwamfutar bincike, tambayi inda wutarta za ta fito

Ƙannena masu koyar da fiziks da kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, wannan magana taku ce, musamman waɗanda suka fara harin manyan kuɗaɗen bincike na gwamnati. A Najeriya galibin irin wannan kuɗi ta hannun TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, yake fitowa. Dokar 2011 ce ta kafa asusun a tsarinsa na yanzu, kuma harajin ribar kamfanoni ne ke ciyar da shi, kashi 2 cikin ɗari da farko, ya kai kashi 3 a 2023. A ƙarƙashinsa akwai asusun bincike na ƙasa, inda malamai ke gasa da takardunsu, wanda ya yi nasara ya samu miliyoyin naira. Ga malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, kuɗi ne masu ruɗa tunani.

Na taɓa samun tallafi irin wannan. Aikinmu lissafin halayen wasu sinadarai ne da ake fatan amfani da su a farantan sola, lissafin da kwamfutar tebur ba ta iya ɗauka. Da na zauna rubuta kasafi, sai na zuba kusan komai a kan manyan kwamfutoci. Wuta, sanyaya ɗaki, gyara, da wanda zai kula da su, duk na dunƙule su a layi ɗaya a ƙasan shafi. Doki na saya ban tanadi harawa ba.

Kwamfutocin sun iso lafiya. Matsalar ita ce lissafinmu yakan ɗauki kwanaki yana tafiya ba tsayawa, wutar sashenmu kuwa ba ta kwana. Batiran inbatar da na saya masu araha ne, kafin damina ta zagayo sun kumbura. Da bazara ta kankama, zafin ɗakin ya sa injinan suna kashe kansu. Da hunturu kuma, ranar da muka buɗe ɗaya, ƙura ta yi kauri a fankokinta har sai da muka sa buroshi muka kankare. Ɗalibata mai digiri na biyu takan saka lissafinta da yamma, ta dawo da safe ta tarar wuta ta ɗauke da tsakar dare, komai ya koma farko. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin jinkirin da ta samu wajen kammala karatu daga kasafina ya fito, ba daga rashin ƙoƙarinta ba.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar talaka ce kaɗai. Babbar kwamfutar Frontier da gwamnatin Amurka ta gina a Oak Ridge, wadda a 2022 ta zama mafi sauri a duniya, tana cin wutar da ta haura megawat 20. Masu ita sun lissafa wuta da ruwan sanyaya ta tun kafin a kawo ƙarfe ɗaya. Kai ma kafin ka rubuta farashin na'ura, je ka wurin injiniyan lantarki na makaranta, ka nuna masa takardar bayanin na'urar, ka tambaye shi yawan farantan sola da batiran da za su riƙe ta har gari ya waye, da na'urar sanyaya ɗakin a kai. Abin da ya faɗa shi ne layin farko na kasafinka. Idan jimillar ta fi ƙarfin tallafin, rage yawan kwamfutocin. Guda biyu masu aiki dare da rana sun fi goma da ke lulluɓe da leda.

Sai batun canji. Tallafin da naira ake ba ka, kayan kuwa da dala ake sayo su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke farashinta a watan Yuni na shekarar, ba a yi nisa cikin 2024 ba dala ta haura naira 1,500. Duk wanda ya jinkirta sayen kayan waje a wancan tsakanin ya ga kuɗinsa sun narke a asusu. Da zarar kason farko ya shigo, fara da abin da sai an shigo da shi daga waje. Tebura da kujeru za su jira.

Kuma ka riƙe rasit. Ana sakin irin wannan kuɗi ne kashi-kashi, ba a ba ka na gaba sai ka yi bayanin na baya. Ni na raina wannan, ina ganin aikin akawu ne. Na ɓata lokaci mai tsawo ina bin masu shaguna su sake rubuta mini takardun kayan da na riga na saya, aikin yana tsaye. Ka buɗe fayil tun ranar farko, ka kuma yi zumunci da ma'aikatan ofishin kuɗi, su suka san abin da ke wucewa da abin da ake dawowa da shi.

Abin da na fi so ku ji shi ne na mutane. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, ƙirar Sin, mai ƙarfin wajen kilowat 30 kacal. Ya fara aiki a 2004, a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. A ganina abin da ya raya shi tsawon shekarun nan shi ne ma'aikatan da aka horar suka zauna da shi. Ni ban ware ko sisi don horar da mai kula da kwamfutocinmu ba. Ɗalibi ɗaya ne ya koyi sarrafa su da kansa, ranar da ya tafi bautar ƙasa ya tafi da ilimin a kansa. Ka sa alawus ɗin ɗalibai da horon ma'aikacin fasaha a kasafi, ka kare su a gaban kwamiti kamar yadda za ka kare na'urar.

Kafin ma ka nemi sayen komai, duba abin da ke akwai kyauta. Manhajar Quantum ESPRESSO, wadda ke irin lissafinmu, ba a biyan lasisinta. CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, ta buɗe wani ɓangare na bayanan gwaje-gwajenta ga kowa tun 2014. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da tsarin gayyatar masana daga ƙasashe masu tasowa su je su yi aiki su dawo gida. Ƙaramin sakamako da ka fitar ta waɗannan hanyoyi, ka buga shi a mujalla, shi za ka haɗa da takardar neman tallafin, don masu tantancewa su ga ka riga ka fara aikin.