Tsohon Honda CB350 Mai Yar Da Silinda Ɗaya In Ya Ɗau Zafi

Babur ɗin Honda CB350 ne, ƙirar 1972, mai silinda biyu, kafireta biyu, kwantak biyu, koyil biyu. Da sanyi bugu ɗaya yake tashi, silo ɗinsa lafiya lau. Amma da an yi tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin sai ya soma mis, ƙarfinsa ya zube, ƙarar ta koma ta inji mai silinda ɗaya. In aka ajiye shi ya huce, sai ya koma garau kamar ba shi ba.

Na fara da abin da bai kamata ba: sauke kafireta. Sau biyu ina wanke su ina mayarwa, ba abin da ya sake. Kafireta ce kowa ke ɗora wa laifi don ita ce a fili, alhali dattin jet ba ruwansa da zafin inji, in ya toshe ya toshe ko da sanyi. Ciwon da ke jiran zafi kafin ya bayyana, a nemi tushensa inda ƙarfe ke buɗewa ko inda wuta ke rauni, wato bawul, koyil da kwandensa. Sai kuma hudar iskar murfin tanki, wadda in ta toshe mai ke daina sauka bayan ɗan lokaci. Wannan gwajinta ba wuya: da ya fara mis a buɗe murfin. In an ji ya ja iska, injin kuma ya farfaɗo, an gama. Nawa bai canza ba.

Daga nan na koma bin abin daki-daki. Da ya yar da silindar, na tsaya nan take na yayyafa ruwa a wuyan salansa biyun. Na dama ya yi cuu, ruwan ya ƙone a take, na hagu kuwa sai da ruwan ya ɗan gangara. Na kwance fulogin hagu, NGK B8ES, na same shi jiƙe sharkaf yana warin fetur. Ke nan mai yana isowa, ƙonewa ce ba ya yi. Da busasshe na tarar, da sai in koma wajen famfon tanki, tiyo da fulot.

Kafin a taɓa komai a ɓangaren wuta, a auna batir. Wannan injin daga batir koyil ke shan wuta kai tsaye, cajinsa kuma tun asali ba mai ƙarfi ba ne. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 in inji a kashe, ya haura 13.5 in an ja totur. Nawa yana nuna 12.1, kuma da ƙyar yake motsawa. Na bi mahaɗan waya ɗaya bayan ɗaya, na tarar da koren tsatsa a cikinsu, wayar as ɗin da ke ɗaure a firam, wadda ke mayar da wuta batir, ma ta ci tsatsa. Na goge su da lallausar samfefa har ƙarfe ya fito, na matse bakunan da suka saki. Caji ya daidaita, amma ciwon yana nan.

Sai kwamfireshan, wato matsin iska a cikin silinda. Ana auna shi inji da ɗumi, fulogi biyun a cire, cok a buɗe, totur a murɗe har ƙarshe, a yi ta buga kik har allura ta tsaya. Wanda ya manta totur a rufe zai ga ƙaramin adadi ya ɗauka inji ya mutu. Lafiyayyen injin irin wannan yana ba da wajen 170 a ma'aunin psi. Dama ta ba ni 155, hagu 130. Na zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogin hagu na sake aunawa. Da ringin fistin ne ya cinye, man zai toshe giɓin adadin ya tashi sosai. Bai tashi ba, don haka iskar ta bawul take tserewa.

Saitin bawul shi ne wurin da ya fi cancantar haƙuri. Sai inji ya kwana ya yi sanyi ƙalau. A fara gyara abin matse cen ɗin taimin, don in cen ya saki duk awon da aka yi ƙarya ne. Sannan a buɗe murfin janareto, a juya rota da sifana zuwa inda inji ke juyawa, har alamar LT da ke jikin rotar ta zo daidai da manuni. Alamar tana zuwa sau biyu, wadda ake so ita ce ta lokacin matsi, inda roka biyun na silindar hagu, wato ƙarafan da ke danna bawul, suke sake, suna ɗan motsi a yatsa. Giɓin bawul ɗin shiga milimita 0.05 ne, na fita 0.10. A wannan injin babu sukurun saiti a kan roka irin na sauran babura. Sandar da rokan ke kai ce ake juyawa daga gefen kan inji bayan an sassauta noti, kuma ɗan juyi kaɗan yana kawo canji mai yawa. In an zo ɗaure notin sandar takan bi shi, saboda haka a riƙe ta da sukudireba, a kuma sake zura fila gej, siririn ƙarfen auna giɓi, bayan an ɗaure.

Bawul ɗin fita na hagu ko gej mafi siranta bai shiga ba. Da shekaru bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, giɓin ya yi ta raguwa. In ya yi zafi ya ƙara tsawo, sai ya kasa rufewa ruf, matsi ya zube. Ta mazaunin nan ne kuma bawul ke sauke zafinsa, in an bar shi haka bakinsa ƙonewa zai yi. Shi ya sa na fi son in ji 'yar ƙaramar ƙas-ƙas a kan tsohon inji da in ji shi shiru tsit. Bayan saiti hagu ta hau 150.

Na ɗauka an gama, amma bayan rabin awa a hanya silindar ta sake ɗaukewa. Ciwo biyu ne suka haɗu a gefe guda, abin da ba baƙo ba ne a babur mai shekara fiye da hamsin. Wannan karon na gwada wuta a wurin, inji na zafi, da sabon fulogi a jikin kan inji. Dama tana ba da shuɗiyar wuta mai ƙara, hagu kuwa 'yar ja-ja mai zuwa tana ɗaukewa. Amfanin inji mai silinda biyu shi ne kowane kaya yana da ɗan'uwan gwaji. Na sauya koyil biyun wuri, na bar kwandensa kowace a gefenta. Da koyil ne, ciwon zai ƙaura dama. Ya tsaya a hagu. Na buɗe murfin kwantak inji na aiki, sai ga na hagu yana ta tartsatsi, fuskarsa ta yi rami gefe ɗaya, ƙuraje ɗaya gefen. Aikin kwandensa ke nan ta shanye wannan tartsatsin, kuma tsohuwa takan yi aiki da sanyi ta gaza da zafi. Mita ba ta cika kama wannan ba, canzawa ce gwajinta.

Na sa sabuwar kwandensa da sabon kwantak. Sabon kwantak yana zuwa da maiƙo a fuska, sai an ja farar takarda mai kauri a tsakani har ta fito fes. Giɓinsa milimita 0.3 zuwa 0.4 a inda ya fi buɗewa, na fulogi 0.7 zuwa 0.8. Giɓi ake fara saitawa kafin taimin, don duk canjin giɓi yana motsa taimin. Da ƙaramin ƙwan gwaji na saita: ya kama daidai lokacin da alamar LF ta jikin rota ta zo kan manuni ga silindar hagu, alamar F kuma ga ta dama. Na'urar da ke bayan farantin kwantak mai gaggauta wuta in inji ya ɗau gudu ita ma ta daskare, na wanke ta na ɗiga mata mai har nauyinta biyu suka riƙa buɗewa suna komawa da kansu.

Sai yanzu kafireta ta samu layi. Na ɗaga robar saman kowace a gaban haske ina ɗan jan ta, don huda kamar ta allura ta isa ta hana fistin ɗinta tashi. Maganin wankin kafireta yana kumbura wannan robar, a cire ta tukuna. Kada a zura wayar ƙarfe a jet, tagulla ce, ramin faɗaɗa zai yi. Sukuran jikin kuma irin na Japan ne, sukudireba ta gama-gari tana cinye kansu. Robar da ta haɗa kafiretar dama da inji ta tsage a ƙasa, na gane ta ne da na fesa mata maganin wanki silo ya canza murya, na canza biyun. Na daidaita wayoyin totur har suna ɗagawa tare, sannan na yi tafiyar awa guda na kwance fulogi. Dukansu a bushe, launin ƙasa-ƙasa mai haske.