Jimillar ƙasan shafi: ga wanda zai gaje ni

Odita ba ruwansa da allon kwamfuta, takarda yake dubawa. So yake ya ga jimilla a ƙasan kowane shafi, kamar yadda ake yi a tsohon littafin akawu. Excel kuwa, manhajar lissafin da muke aiki da ita, ba shi da maɓallin da zai yi maka wannan kai tsaye. Da hannunka za ka kafa iyakar shafi, misali bayan kowane layi 40, sannan ka sa jimillar a ƙarƙashi. In ka bar wa na'ura ta yanka, canjin firinta ko canjin takarda daga A4 zuwa Letter ya isa ya jefa jimillar tsakiyar shafi na gaba.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne baucar albashin wani wata. A ƙasan kowane shafi umarnin lissafi na SUBTOTAL nake sawa da lamba 9, wato lambar haɗa jimilla, haka ma babbar jimilla, domin SUBTOTAL ba ya ƙirga 'yan'uwansa. SUM kuwa duk abin da ya tarar sai ya haɗa. Na fita sallar la'asar, Oga ya zauna a kujerata, ya ce shi bai san wannan ba, ya goge ya sa SUM a kan dukkan jerin. Kuɗin ya ninka biyu cif. Bai duba ba ya sa hannu aka kai.

Da baucar ta dawo da jan biro, ni aka kira gaban kowa.

"Kai yaro, me ka jawo mana haka?"

"Ranka ya daɗe, a buɗe fayil ɗin a duba."

Ba a buɗe ba. Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina na aiki, shi kuwa ko a jikinsa.

Sauran ƙanana ne. In akwai layukan da aka ɓoye da hannu, 109 za ka sa a SUBTOTAL, ba 9 ba, don kada ya ƙirga su. Ka jera sunaye sashe-sashe kafin ka nemi jimillar kowane sashe. Ka sa kanun jadawalin su riƙa fitowa a kowane shafi. Kafin fayil ya bar teburinka, ka ajiye kwafin PDF mai kwanan wata.

Na kulle gurabun lissafin da lambar sirri, tana wurin mataimakin akanta. Ka karɓa, ka canza ta, kada ka ba kowa, har shi Ogan.