Kafin ka zuba kuɗinka a jirgin rimot, ƙanena

Ƙannena masu turo min hotunan jirage kuna cewa "Yaya duba min wannan, in saya?", kusan dukkanku abu ɗaya kuke turowa, jet mai tsinin hanci da fentin sojoji, ko irin jiragen yaƙin duniya na 2 ɗin nan masu fiffike a ƙasan ciki. Nima irinsa na fara saye don haka bazan muku dariya ba, amma amsar itace a'a. Jirgin farko na faɗuwa ne, ko kai ɗan waye sai ka kayar dashi kuma ba sau ɗaya ba, shi yasa kuɗinka mai kauri ya kamata ya tafi kan abubuwan da basa tashi sama balle su faɗo, wato rimot da caja, shi kuma jirgin ya zama mai araha mai tafiyar hawainiya wanda in ya karye yau da daddare zaka liƙe shi gobe ka koma fili. Ni na juya lissafin ne, na kashe kuɗi a kyan jiki na tsuke hannu a sauran, ƙarshe jikin ya tarwatse sauran kuma basu da amfanin da zan ɗora su a wani jirgin.

Matsalar jet ba wai mugu bane, fiffikensa ne ƙarami ga nauyi, to dole sai yana gudu sosai iska take ɗauke shi, kana rage totur don ka samu ka yi tunani sai kawai ya saki ya zubo, kai kuma sabon hannu babu abinda kake buƙata kamar lokacin tunani. Ga shi fankarsa a cikin ciki take tana zuƙar iska, filayenmu kuwa yashi ne da tsakuwa. Nemi mai fiffike a saman jiki, wanda in ka kalle shi ta gaba zakaga fukafukan sun ɗan ɗaga sama kaɗan, irin wannan in ya karkace ka saki sandar rimot shi da kansa yake ƙoƙarin dawowa daidai. Tsawon fukafukan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mita 1.2 zuwa 1.5 ya yi. Kada ƙananan nan masu taƙi 2 su ruɗe ka wai ai ƙarami yafi sauƙi, ƙarya ne, iska kaɗan zata yi gaba dashi kuma yana ɗan nisa ka daina gane ina hanci ina wutsiya. In da hali ka samu wanda motonsa ke bayan fiffike yana turawa, irin su Bixler ko Sky Surfer, saboda duk faɗuwar ɗan koyo da hanci ce, in moto yana gaba kullum kana asarar farfela ko ka lanƙwasa ƙarfen moton. Taya ma ba dole bace, a filin da yake da ramuka da ƙaya ƙananan tayoyi tuntuɓe kawai suke jawowa, ka shimfiɗa salatif mai ƙwari a cikinsa, ka jefa shi da hannu ya sauka da ciki.

Jikin ya zama fom, wanda ake rubuta EPO ko EPP, ba katako ba. In kuma da kanka zaka haɗa da farin fom irin na cikin kwalin firji to ka yi hankali da gam. Na taɓa ɗiga sufa gulu a gindin fiffike, ina tsaye ina kallo wajen ya fara tsuwwa yana lotsawa, kafin in ɗauko tsumma ya zama rami har ɗan yatsa yana shiga. Duk gam ɗin da ka samu fara gwada shi a guntun da baka so. Gam ɗin kyandir na bindiga yana aiki da sauri kuma baya cin fom in bai yi zafi da yawa ba, sai dai mutanen da kake kallo a YouTube suna liƙa komai dashi ba a Kano suke zaune ba, mu nan a Afrilu zafi yana haura 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ai ba'a magana, ka bar jirgi a but ka shiga ɗaurin aure ka fito ka tarar wutsiya ta kwanta gefe. Wajen da moto yake zaune da gindin wutsiya sa gam mai tub 2 da ake cakuɗawa, ka soka tsinken tsire a ciki don ƙarfi.

Yanzu rimot, anan ne nake so ka buɗe aljihu. Kada ka sayi jirgin da rimot ɗinsa nasa ne shi kaɗai, ranar da jirgin ya mutu rimot ɗin ya zama kayan wasan yara. Sayi rimot daban mai 2.4GHz, mai canel 6. Guda 4 zaka yi aiki dasu, totur, ɗaga hanci da sauke shi, karkata fiffike, da juya wutsiya, sauran 2 na gaba ne. FlySky FS-i6 da risibarta FS-iA6B, wato ɗan akwatin da ake sawa cikin jirgi yana karɓar saƙon rimot, itace yawancin masu farawa suke riƙewa, tana cin batir AA guda 4, tana ajiye saitin jirage har 20, kaga duk jirgin da ka haɗa nan gaba risiba kawai zaka ƙara. In kana da ƙarfi akwai RadioMaster, tafi ta nisa amma saitinta sai ka zauna ka karanta. Wajen oda ka duba an rubuta Mode 2, wato totur a hannun hagu, don kusan duk bidiyon koyarwa da zaka gani da ita ake yi. Kuma risiba ba kowacce take jin kowanne rimot ba, duka 2.4 ne amma yarensu daban, kada ka ga mai araha ka ɗauko.

Akwai wani saiti a ciki da ake kira failsafe, shine abinda jirgi zai yi in ya daina jin rimot. Ni ban san dashi ba sai da na ga jirgi yana tafiya abinsa ina murɗa sanda baya ji. Saita shi ya kashe moto, sannan ka gwada a ɗaki, cire farfela tukuna, ba moto wuta kaɗan, kashe rimot ka gani ko ya tsaya. Duk wani gwaji a ɗaki farfela a cire, wannan robar da kake rainawa tana tsaga yatsa har ƙashi. Kullum rimot ake fara kunnawa, totur a ƙasa, sannan a jona batirin jirgi, wajen kashewa kuma batir ake fara cirewa.

Rimot ɗin tana zuwa kada ka yi gaggawar fili. Sayi wayar USB da take haɗa ta da kwamfuta, ka sauke manhajar koyon tuƙi, PicaSim kyauta ce. Na raina wannan sosai da farko, ina ganin ai gem ne ni kuma na iya gem. Abinda ba wanda zai iya koya maka da baki shine lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa, kana ganin ya karkata dama ka tura sanda don ka gyara sai ka ƙara karkatar dashi, ka rikice ka ƙara turawa, shikenan. Ba ilimi bane, sabon yatsa ne, sai ka yi ta yi har hannunka ya daina tambayar kanka. A kwamfuta faɗuwa kyauta ce. In ka kai kana tashi ka zaga ka dawo ka sauke shi a gabanka a jere ba tare da gumi ba, to ka fita fili.

Batir kuma, don Allah ka nutsu anan domin shine kaɗai abin da zai iya jawo maka abinda yafi asarar kuɗi. LiPo ake amfani dashi, na jirgi irin wanda na faɗa 3S mai 2200mAh ya wadatar. 3S yana nufin ƙwaya 3 a jere, kowacce bolt 3.7, jimla 11.1, in ya cika kowacce tana 4.2 wato 12.6. Ba'a wuce 4.2, ba'a kuma zuƙe shi ƙasa da wajen 3.5 in kana son ya yi ƙarko, akwai ɗan ƙaramin alam da ake maƙalawa a farin soket ɗinsa yana ihu in ya yi ƙasa, kuɗinsa bai kai ya kawo ba, saya. In zaka ajiye shi kwanaki kada ya zauna a cike, sauke shi zuwa 3.8 kowacce ƙwaya. Nawa na farko a cike nake barinsa saman wadrob a ɗakin da rufin kwano ne, ina jin daɗi wai kullum a shirye nake, sai gashi ya kumbura kana dannawa yana lotsawa, wanda ya kumbura kuma ya gama, kada ka huda shi wai ka fitar da iska, wuta zai kama kuma wutarsa ba ta wasa bace. Caja ta zama mai daidaita ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, mai allo da kake ganin lambar kowacce, irin iMAX B6, sai dai kwaikwayonta ya cika kasuwa, don haka bayan caji ka sa mita ka auna da kanka. Mai 2200 ana cajinsa a amfiya 2.2, wajen awa 1 kenan. Ribar irin wannan caja a garinmu itace tana karɓar bolt 12, in an ɗauke wuta ka jona ta a batirin sola ko na mota. Kada ka jona ka kwanta barci, kada ka ɗora a katifa ko kusa da labule, ni a tsakar gida nake yi cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da ɗan yashi a gindinta. Masu cewa zasu fasa tsohon batirin laftof su haɗa, ƙwayoyin nan sun gaji kuma dama ba'a yi su don bada wuta mai yawa lokaci ɗaya ba, kana tura totur wuta zata faɗi. Gara madaidaita 2 da ƙato 1, ƙaton nauyi zai ƙara maka.

In jirgin ya zo da moto da ESC (mai daidaita wutar da ke zuwa moto) da sarbo (ƙananan injinan da ke motsa sassan fiffike da wutsiya) a ɗaure, an hutar da kai. In kai zaka haɗa, moto da farfela da ESC tare ake zaɓensu. Lambar KV da ke jikin moto tana nufin juyi nawa yake a minti kan kowanne bolt, mai babbar lamba ƙaramar farfela yake so. A moto mai lamba 2212 da batir 3S, 1000KV yana ɗaukar inci 10, 1400KV inci 8, 2200KV inci 6. Ni dabarar fanka na yi, wai babba tafi bada iska, na ɗora inci 10 a kan 2200KV, ya yi ƙara mai daɗi na ɗan lokaci sai warin ƙonanniyar roba, ESC ta tafi. ESC mai 30A ta isa amma ka tabbata tana da BEC mai bada bolt 5, shine yake ciyar da risiba da sarbo, da yawa cikin na masu duron basu dashi. In moto yana juyawa baibai musanya kowanne 2 cikin wayoyinsa 3. Rubutun jikin farfela gaba yake kallo, ko da a baya aka ɗaura ta. Sarbo mai giram 9 ya isa.

Kafin kowanne tashi ɗora jirgin a kan yatsu 2 ƙarƙashin fiffike, wajen kashi 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 3 na faɗinsa daga gaba, ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. In wutsiya ce ta rinjaya matsar da batir gaba ka ɗaure shi tamau, jirgin da bayansa yafi nauyi ko gwani wahala yake bashi. Sannan ka tsaya a bayansa ka motsa kowacce sanda ka ga abin ya tafi inda ya kamata.

Sai maganar inda zaka tashi, wadda tafi ta kaya muhimmanci a Kano. Filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga barikin soja, ga gidan gwamnati, ka yi nesa da duk waɗannan, bayanin "ai fom ne ranka ya daɗe" ba lallai ya fitar da kai ba. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka ka bincika ƙa'idar da ake kai yanzu, kuma kada ka ɗaura kyamara kana shawagi saman gidajen mutane. Fita bayan gari, gonar da aka girbe mai faɗi babu turakun wuta, ka gaida mai wajen ko mai unguwa ka nuna masa abin. Lokaci mafi kyau bayan gari ya waye kafin iska ta tashi, da hunturu kuma in hazo yayi kauri haƙura, farin jirgi ɓacewa yake a ciki, shi yasa nake liƙa jan salatif a ƙasan fiffike ɗaya. Ɗebi ƙasa ka saki ka ga inda iska take zuwa, cikinta ake jefawa cikinta ake sauka. Kuma tafi da wani babba, domin ko a dajin Allah kake kana kunna moto yara zasu fito su yi maka caa, kai idonka yana sama, dole wani ya riƙe su a bayanka.

Waya da dalma da salatif da gam duk zaka samu a Sabon Gari, amma farfela da sarbo da soket ɗin batir na XT60 ba kullum ba, oda kuma sai tayi makonni a hanya, batir ma wasu masu sayarwa basa yarda su turo shi ta jirgi. Don haka tun a odar farko ka ninka farfela, ka ƙara sarbo ko 2, ka kuma tambayi masu harkar duron a gari inda suke samun batir kafin ka biya kuɗin sauran kayan.