Wata uku a cikin takardar kakana

Ruwan sama ne ya janyo wannan magana. Ɗakin da muke ajiye tarkace a gidanmu ya yi yoyo, Goggo ta aiko a kira ni daga shago in zo in fitar da akwatin Malam, wato mahaifinta, kakana ke nan, kafin laima ta gama da abin da gara ta bari. Ni ɗin kuwa sana'ata sayar da kayan rubutu: littafin rubutu, biro, fensir, alli, rim na farar takarda, da 'yan littattafan addini a kanta ɗaya. Shi ya sa duk abin da ya shafi takarda a gidan ni ake nema, kamar dai mai sayar da ita shi ne ya san ta.

Na miƙa hannu zan kwance gafaka sai ta daka mini tsawa. "Kai, wanke hannunka kahin ka taɓa littahin Malam! Wanga ba irin na shagonka na ba."

Gaskiyarta. Littafin farko rubutun hannu ne, warƙa-warƙa, ba ɗinki, an sa shi tsakanin tadarishi biyu an ɗaure da tsirkiyar fata. Takardar tana da kauri, ga ɗan kaushi a yatsa, launinta kamar na nonon da ya kwana. Na zaro warƙa ɗaya na ɗaga ta saitin ƙofa don in ga ko ta jiƙe. Ba laima na gani ba. Jinjirin wata uku ne a jere a cikin jikin takardar, babba, matsakaici, ƙarami, waɗanda ba ka ganinsu sai haske ya ratsa. Goggo ta ce ai tun suna yara sun san da su, ɗauka suke yi tabarrakin littafin ne ya fito.

Tambarin masu yin takardar ne. A arewacin Italiya ake yin ta, a yankin birnin Fenis, kuma cikin gidajen da suka yi suna da ita akwai na Galvani a Pordenone. Da gangan suka zaɓi wata, don kasuwarsu ƙasashen Musulmi ce. A loda ta a jirgin ruwa mai filafilai, iska ta tura shi ya ƙetare Bahar Rum zuwa Tarabulus ko Masar, daga nan raƙuma su karɓa, a bi ta Gat da Agadas har Kano da Katsina, fatake su ƙaraso da ita nan Sakkwato. Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya tarar da irinta a kasuwar Kano a 1851.

Abin ya tsaya mini a rai. Tawada tamu ce, bagaruwa da ƙaro. Alƙalami namu ne, kara. Amma duk tarin rubutun da Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u suka bari, a kan takardar da ta sha iskar teku aka yi shi, a garin da yawancin mutanensa ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Rima ba. Ayarin da ya kawo ta kuma ba ya komawa hannu rabbana. Cikin kayansa akwai jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa ke saye suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa nasu littattafan bango da ita.

Akwai ma littafin da aka san ranar da ya hau jirgi. A watan Agusta na 1825 Clapperton, wani Bature matafiyi da mutanen nan suka sani da Abdullahi, ya taso daga Portsmouth a Ingila cikin wani jirgi mai filafilai na sojan ruwa, sunansa Brazen. Wata uku suka yi a kan ruwa kafin su kai gaɓar Badagiri. Tare da shi akwai wani Bahaushe, Abubakar, da Turawa ke kira Pasko, wanda bauta ta fitar da shi ya zama ma'aikacin jirgi, aka ɗauko shi tafinta. Cikin tsarabar da aka kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. Clapperton ya rubuta cewa ya shiga wurinsa ya same shi yana karanta shi, Bello ya gaya masa gidansu sun taɓa mallakar irinsa da wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ta cinye. Baƙon bai koma gida ba, nan ya rasu a Afrilun 1827. Ni dai duk cikin labarin, wurin gobarar nan ne ya fi taɓa ni, don na san zafin rasa littafin da ba a samun madadinsa a kasuwa.

Littafi na biyu a akwatin bugun Masar ne, na fiƙihu, takardarsa rawaya ce, mai saurin karyewa, sharhi ya kewaye matani ta gefe-gefe. Wannan Malam da kansa ya ɗauko shi. Ya tafi hajji ta ƙasa a zamanin Turawa, kamar dubban 'yan'uwansa, ta Barno da Wadai har Sudan, inda tun bayan yaƙin Burmi a 1903 mutanenmu suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu. A hanya in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, a tara, a ƙara gaba.

"Shekara bakwai yay yi," in ji Goggo. "Har an hidda rai da shi."

A Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan a bakin Bahar Maliya, hanyar ƙasa ke ƙarewa. Akwai jirage masu hayaƙi da ke ɗaukar alhazai zuwa Jidda, amma su sai da takardun hukuma, da zaman killacewa na lafiya, da kuɗi mai kauri. Talaka sai ya nemi sambuk, jirgin katako na Larabawa mai filafili. Yadda Goggo ta ji daga bakin Malam, ba tikiti ba lokaci. Ka yi ciniki da mai jirgi baki da baki, ka zo da ruwanka a salka, da garinka, da dabinonka, ka zauna a bakin gaɓa kana jira. Ranar da iska ta yarda, ranar ce ta tafiya. Ba rumfa, ba wurin miƙe ƙafa, maza gefe mata gefe. A tsakiyar Bahar Maliya iska ta ɗauke musu, jirgi ya tsaya cak yini biyu, ruwan sha ya koma ana auna shi da murfin buta. Mutumin da ya taka daga Sakkwato zuwa Sawakin bai yi raki ba, wai nan ne ya yi kuka, don a ƙasa ko ƙafa ta kumbura kana iya jan jiki, a nan kuwa babu abin yi sai kallon ƙyallen da ya ƙi motsi. Da zai dawo, a cikin fatar akuya ya ɗinke littafin, ya rataya a ƙirji. Har yanzu akwai tabon ruwa a kusurwar shafukan farko.

Tsohuwar hanyar takarda kuwa a shekara guda aka yi mata bugu biyu. A 1911 Italiya ta kama Tarabulus, a 1911 ɗin kuma layin dogo ya iso Kano. Kaya suka juya, suka koma shigowa a jiragen kamfanin Elder Dempster daga Liverpool zuwa Ikko, garin da tun 1869 'yan mishan na CMS ke da kantin littattafai. Reshen dogon ya zo Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Mu dai har yau muna jiran ƙarashen.

Da na koma shago da la'asar na zaro takarda ɗaya daga sabon rim na ɗaga ta a rana. Fara fat, ba wata ba tauraro. A jikin kwalin an rubuta Indonesiya. Wani malamin makarantar firamare da ke tsaye yana jiran canjinsa ya ce, "Alhaji, mi kaka dubi?" Na ce masa jirgi nake nema. Bai yi dariya ba, sai ya tambaye ni dalilin da ya sa rim ya ƙara kuɗi a kan na watan jiya. Na ce dila ya ce kwantena ta makale a tashar jiragen ruwa. Ya karɓi canjinsa, ya ajiye rim ɗaya cikin biyun da ya ɗauka.