Safiyar da injin jirginmu ya ƙi tashi a hanyar Bubon

Ranar Laraba ce kasuwar Bubon ke ci, kuma na daɗe ina son in je ta ta ruwa. Ta mota tafiyar ba ta fi kilomita 25 ba daga Yamai, hanyar Tilaberi, amma ni kogin Neja nake so. Watan Janairu ne, lokacin da ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gine yake isowa Yamai bayan ya yi watanni yana ratsa Mali, kogi ya cika ya batse alhali damina ta daɗe da wucewa. Bayan sallar asuba na sauka bakin ruwa kusa da gadar Kenedi, hazon hunturu ya rufe Harobanda, unguwar ƙetaren kogi, har ba a ganin tsallake sosai.

Mu tara ne a jirgin, ban da buhunan gishiri da wata akuya. Mai jirgin dattijo ne Basarke, mai ƴar furfura a gemu, yana jin Hausa da Zabarmanci duka. Injinsa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa masa esansi da baƙin mai a tanki ɗaya. Ya gaya mana da fara'a cewa jiya-jiyan nan ya karɓo shi daga wurin gyara: an wanke karbireta, an sa sababbin buji biyu, an canza ɗan famfon robar nan mai kamar ƙwai da ke tsakiyar tiyon mai.

Yaronsa ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja, injin ya yi gurnani ya kwanta. Sai da ya ja ta fi sau goma sha biyar, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ake yi. Wata Hajiya mai zuwa sarin tukwane ta fara duban rana, domin wanda ya makara a Bubon ragowar zaɓen wasu yake tararwa. Wani matashi ya ce injin ya sha mai ne ya ƙoshi, a bar shi ya huce. Wani ya ce mai gyaran ya sace wani abu a ciki. Kowa da maganarsa.

Dattijon bai tanka wa kowa ba. Ya ce wa yaron, "Ɗana, bar igiyar nan haka, kada ka tsinka ta." Ya naɗe hannun riga ya zauna a gindin injin, ni kuma na matso kusa don ina son in gani.

Da ƙananan abubuwa ya fara. Ya taɓa giya ya tabbatar tana tsakiya. Ya duba jan zaren nan mai maƙalli da ake sa wa maɓallin kashe inji, wanda in ya fita ko kwana aka yi ana ja wuta ba za ta zo ba, ya tarar yana wurinsa. Ya sassauta ɗan notin da ke kan murfin tanki don iska ta samu hanyar shiga. Sannan ya ɗaga murfin injin ya kwance buji ɗaya, ya mayar da shi cikin hularsa, ya jingina ƙarfensa da jikin injin, ya ce a ja. Na ga ƴar wuta shuɗiya ta yi tsalle a bakin bujin, tas, tas.

"Wuta lafiya lau," in ji shi. Ya miƙo mini bujin. "Malam, shinshina."

Na shinshina. Ba warin esansi ko kaɗan, kuma bakinsa a bushe yake ƙayau, fari kamar yadda ya fito daga kwali.

"Baba, me ke nan?"

"Da mai ya yi masa yawa, da ka gan shi a jiƙe. Wannan yunwa yake ji."

Nan na ji hankalina ya kwanta, tun ma kafin a gano matsalar. Mutumin ba ya taɓa abu na biyu sai na farko ya ba shi amsa, kuma na lura bayan ƙananan abubuwan nan duk inda ya kai hannu wuri ne da mai gyara ya taɓa jiya. Injin da ya yi aiki shekaranjiya, in ji shi, bai tsufa cikin dare ɗaya ba.

Ya kwance ɗan notin da ke ƙasan karbireta, wanda ake zubar da mai ta nan. Ko ɗigo bai fito ba. Ya kama famfon robar ya matsa, ya sake matsawa. A ƙa'ida bayan matsa biyar ko shida sai ya yi tauri a hannu, alamar mai ya cika karbireta. Wannan kuwa laushi yake ta yi, kuma da muka yi shiru sai muka ji ƙarar kumfa, ɓul-ɓul, daga cikin tanki. Dattijon ya juya famfon ya goge shi da babban yatsa. A jikinsa akwai ƴar kibiya da aka zana, tana nuna inda mai zai bi. Kibiyar tanki take kallo. An sa shi a juye, duk matsawar da yaron ya yi tun da safe iska yake turawa cikin tanki.

Na tambaye shi yadda aka yi mai gyaran bai gane ba. Ya ce a can cikin ganga suka gwada injin, da tankinsu da tiyonsu, ya tashi sumul. Famfon daga baya wani ɗan koyo ya ɗaura shi a kan tiyon jirgi, ana gab da magariba. Bai zagi kowa ba. Ya zare famfon, ya juya shi, ya ɗaure bakin biyu, ya riƙe shi kibiya na kallon sama yana matsawa har ya yi tauri. Ya mayar da noti da buji, ya ja cok. A ja na biyu injin ya kama, hayaƙi shuɗi ya bazu a kan ruwa. Bai saka giya ba sai da ya ga siririn ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta baya.

Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi. Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yawwa, Hajiya, tukwanenki na nan na jiran ki."

Muka bi ruwa sama, muka wuce Gudel da gonakin shinkafa da lambunan bakin kogi. Can gaba ya rage wuta ya raɓa gefe, ya nuna mana kunnuwan dorina biyu a nesa, ya ce mai ɗa ba a matsa mata. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka iso. Jirage sun yi layi a bakin gaɓa, matan Bubon sun jera randuna da tuluna masu zanen fari da ja. Na sayi tulu ɗaya, yaron jirgin ya cusa mini shi tsakanin buhuna don kada ya fashe a komowa.