Tú ko usted: inda girmamawa take a Sifaniyanci

Kuskurena na farko a Sifaniyanci daga Hausa na ɗauko shi. Tunda mu da "ku" muke girmama dattijo, sai na riƙa ce wa mutum ɗaya vosotros. Ashe vosotros na taron abokai ne, ba ya ɗauke da girmamawa ko kaɗan, kuma a Latin Amurka ba a ma amfani da shi, ustedes ake ce wa kowane taro. Masu jin Faransanci, irin 'yan'uwanmu na Nijar, sun fi saurin faɗawa wannan rami saboda vous, kalmarsu ta "ku" wadda ita ma ake girmama mutum ɗaya da ita.

Girmamawar tana cikin usted, tú kuwa shi ne "kai" ko "ke" na tsakanin abokai. Asalin kalmar vuestra merced ne, kamar a ce "alfarmarku", shi ya sa aikatau yake ɗaukar siffar "shi" ko "ita", tamkar bafade ya ce "Sarki ya kwana lafiya?" alhali sarkin na gabansa. Aboki za ka ce masa ¿cómo estás?, wato "yaya kake?", dattijo kuwa ¿cómo está? Harafin s ɗin nan kaɗai ya raba su.

Inda na fi shan wuya shi ne umarni, domin wasalin ƙarshe juyewa yake yi. Aikatau mai ƙarewa da -ar, kamar hablar, aboki habla, babba hable. Mai ƙarewa da -er, kamar comer, sai a yi akasi: come ga aboki, coma ga babba. Ƙa'idar ba ta zo mini a baki da sauri ba, don haka na haddace biyu-biyu waɗanda ake bukata kullum: perdona da perdone, oye da oiga, ven da venga, dime da dígame, siéntate da siéntese. A Sifaniya da yawa da ¿dígame? suke ɗaga waya, tunda ba su san mai kiran ba.

Zaɓen tú ko usted ma bai kai riƙe shi wuya ba. Sai ka fara da usted lafiya lau, jimla ta biyu te, wadda ta tú ce, ta kuɓuce maka. "Señora, ¿te ayudo?", wato "Malama, in taimake ki?", gauraye ne, daidai shi ne ¿la ayudo? ko ¿le ayudo?, ya danganta da ƙasa. Usted tare yake tafiya da le da su da con usted, tú kuma da te da tu da contigo. Su yana da nasa ruɗani: su casa na iya zama gidansa, gidanta, gidansu ko gidan wanda kake girmamawa. In ma'ana ta rikice, ka ce la casa de usted. Laƙabin girmamawa don (na namiji) da doña (na mace) da sunan yanka ake haɗa su, señor kuma da sunan iyali.

A Madrid tú ya yi yawa, har mai sayar da kofi da malamin jami'a da shi ake yi musu magana. Na ga matar da ba ta wuce shekara 40 ba ta ɓata fuska don an ce mata usted, a ganinta an tsufar da ita. A Bogota, babban birnin Kolombiya, da Kosta Rika kuwa har uwa na iya ce wa ɗanta usted cikin ƙauna. A Ajantina da Yurugwai vos ya maye gurbin tú: vos tenés, vos sos, vení.

Abin da nake yi yanzu: ɗan sanda, likita, ma'aikacin ofis da duk wanda ya girme ni sosai, da usted nake farawa, in jira su ce puedes tutearme, wato ka ce mini tú. Sauran mutane kuma na saurari yadda suka kira ni. Sai dai a Andalus, a kudancin Sifaniya, da Kuba ana haɗiye s ɗin ƙarshe, estás ya fito kamar está. A can te da le nake kasa kunne in ji, ba ƙarshen aikatau ba.